Hogeweyk: Sharhi kan Unguwar da Aka Gina wa Masu Cutar Mantuwa a Holan

A garin Weesp da ke kudu maso gabashin Amsterdam, a ƙasar Holan, akwai wani gidan kula da tsofaffi mai suna De Hogeweyk, wanda tun da aka buɗe shi a watan Disamba na 2009 baƙi ba su daina yi masa tururuwa daga ƙasashen duniya ba, kama daga likitoci da masu zanen gine-gine har zuwa jami'an gwamnati da 'yan jarida. 'Yan jaridar ne suka yaɗa masa laƙabin ƙauyen masu cutar mantuwa, musamman bayan shirin da tashar CNN ta yi a kansa a 2013. A hukumance kuwa gidan jinya ne kamar kowane, yana ƙarƙashin ƙungiyar Vivium wadda ba ta neman riba, kuma dokokin da suka hau kan sauran gidajen jinya na ƙasar su ne suka hau kansa. A ganina hidimar wurin ta cancanci mafi yawan yabon da take sha, sai dai masu yabon sun fi tsayawa kan abin da ke ɗaukar ido, wato kanti da dandali da zauren wasanni, alhali ƙarfin wurin yana cikin ɗakin girki da kuma yadda aka tsara aikin ma'aikata.

Ba kowane tsoho ake karɓa ba. Sai wanda cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa, har hukumar da ke tantance masu buƙatar kulawa ta dogon lokaci, wadda ake kira CIZ, ta tabbatar cewa yana buƙatar a sa masa ido dare da rana. Duk mai son auna wurin da adalci dole ya riƙe wannan, domin hotunan da ake yaɗawa na tsofaffi zaune a bakin ruwa suna shan kofi kan sa mutum ya zaci masu ƙaramar larura ne. Mutane ne da yawancinsu ba sa iya faɗin ranar da ake ciki, wasu ba sa gane 'ya'yansu, wasu kuma sai an yi musu wanka an ba su abinci a baki, kuma wanda ya shiga nan yake zama har ƙarshen rayuwarsa. An fara da gidaje 23 da mazauna 152, daga baya aka ƙara gini, gidajen suka kai 27, mazauna kuma 188, mutum 6 ko 7 a kowane gida, duka a kan filin da bai wuce kimanin eka 4 ba.

Tarihin wurin ya girmi gininsa, kuma wannan ne abin da masu kwaikwayonsa suka fi mantawa da shi. A da, a wannan fili, akwai gidan jinya na gargajiya mai suna Hogewey, bene mai hawa da yawa, da dogayen lunguna da ƙofofi a kulle. A farkon shekarun 1990 wasu daga cikin shugabannin ma'aikatansa, ciki har da Yvonne van Amerongen da Jannette Spiering, suka yarda a tsakaninsu cewa ba za su so a kawo iyayensu wurin da su da kansu suke gudanarwa ba. Daga 1993 suka fara sauya salon aiki a cikin tsohon benen: suka rarraba majinyata ƙananan rukuni, suka mayar da girki kusa da su, suka fara haɗa mutanen da tarbiyyarsu da ɗabi'unsu suka yi kama. Sai da aka shafe shekaru 16 ana wannan gwaji kafin sabon ginin ya tsaya. Ma'ana, ba a zana unguwa sannan aka nemi abin da za a zuba a ciki ba; ma'aikata ne suka riga suka koyi wata hanyar aiki, sannan aka yi musu ginin da ya dace da ita.

Kowane gida yana da ƙofar shigarsa wadda ke buɗewa kan titi, da falo, da ɗakin girki, kuma kowane mazauni yana da ɗakin kwanansa da zai iya ƙawata shi da kayan da ya taho da su daga gidansa. Ma'aikatan gidan tsayayyu ne, ba yau wannan gobe wancan ba, kuma kayan gida suke sawa maimakon fararen kayan asibiti. Su ne ke dafa abinci a gaban mazauna, su wanke tufafi, su ba da magani, su taimaka wajen wanka. Likita da mai gashin ƙashi da sauran ƙwararru suna nan, amma ana kiransu ne idan buƙata ta taso, ba su ne ke juya ranar ba. Babu ƙararrawar tashi. Wanda ya saba sammako ya tashi da asuba, wanda ya saba jan barci a bar shi.

Wanda bai taɓa jinyar mai wannan cuta ba zai iya ɗaukar waɗannan a matsayin ƙawa kawai, amma kowanne yana da dalilinsa a cikin yanayin cutar. Mantuwa takan fara cinye abin da ya faru jiya da ɗazu, ta bar abin da hannu ya saba da shi shekara da shekaru. Matar da ba ta iya tuna ko ta karya kumallo tana iya feraye dankali tsaf, ta kuma ninke tawul kamar yadda ta saba yi tun tana amarya. A babban ɗakin jinya, inda abinci ke zuwa a rufe daga wani kicin mai nisa, babu abin da ke sanar da jikin majinyaci cewa lokacin ci ya gabato, sai kawai ya ga faranti a gabansa. Rama kuwa tana cikin manyan matsalolin masu wannan cuta. A gidan da ake soya albasa a kusa da kai, ƙamshi ne ke yin aikin da agogo ya daina yi. Haka batun yawo. Da yawa daga cikin masu cutar suna da matsananciyar buƙatar tafiya, musamman da la'asar zuwa magariba lokacin da rashin natsuwa ke ƙaruwa. A ɗakin da aka kulle, mutum zai isa ƙofa ya tarar da ita gam, ya buga, ya fusata, a rubuta cewa yana da rikici, a ƙare da ba shi maganin kwantar da hankali. A Hogeweyk ƙofar tana buɗewa, ya fita titi, ya zaga lambu, domin kusan rabin filin sarari ne, ya gaji, wani ya rako shi gida. Wanda zai rako shin yana iya zama mai kanti ko mai gyaran lambu ko ɗan sa-kai, tunda duk wanda ke aiki a harabar an koya masa yadda ake mu'amala da mai cutar mantuwa.

Wannan 'yanci yana da farashi, kuma masu gudanar da wurin ba su ɓoye shi ba. Tsohon da ke yawo shi kaɗai zai iya faɗuwa, ruwan sama zai iya dukansa, zai iya shiga gidan da ba nasa ba. Iyalin da suka fi son tabbacin cewa mahaifinsu ba zai taɓa ko tuntuɓe ba, ba za su sami wannan tabbaci a nan ba. Ni dai ina ganin zaɓin da aka yi daidai ne, domin amincin da ake samu ta hanyar zaunar da mutum a kujera yini guda yana kashe ƙafafunsa, ya kuma kashe sha'awarsa ga komai, faɗuwar da ake gudu kuma ta zo daga baya sa'ad da ƙashi ya ƙara rauni.

Kantin da ake yawan ɗauka a hoto kanti ne na gaske, daga nan ma'aikacin kowane gida ke yin cefanen yau da kullum, sau da yawa tare da ɗaya ko biyu daga cikin mazauna, da kuɗin da aka ware wa gidan. Idan mazauni ya ɗauki kaya ya fita bai biya ba, ba a tsayar da shi a kunyata shi, daga baya ake daidaita lissafi. Akwai gidan abinci, da wurin shan kofi, da shagon gyaran gashi, da zauren wasanni, da ƙungiyoyin kiɗa da zane da gashin burodi. Duk suna da kyau, amma ba su ne suka bambanta wurin ba.

Abin da ya fi jawo muhawara, kuma ya fi shafar batun al'ada, shi ne rarraba gidaje bisa salon rayuwa. Da farko salo 7 aka yi: na mutanen birni, na masu sana'ar hannu, na masu son zaman gida, na ma'abota adabi da fasaha, na Kiristoci masu riƙo da addini, na masu hali irin na yankin Het Gooi da ke maƙwabtaka, da kuma na waɗanda rayuwarsu ke da alaƙa da Indunusiya tun zamanin da Holan ke mulkinta. Ana tattaunawa da iyali, a gano yadda mutum ya rayu, sannan a zaɓar masa gida. A gidan masu hali ana shimfiɗa tebur da kyalle da kofunan gilashi, ana kuma jinkirta abincin dare. A gidan masu sana'a ana ci da wuri, abincin kuma mai sauƙi ne mai riƙe ciki. A gidan Indunusiya shinkafa ce ke kan gaba. Daga baya aka rage salon zuwa 4, saboda tsarar da ke shigowa ta bambanta da wadda aka fara da ita.

Hujjar wannan tsari tana da ƙarfi. Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ba ta iya koyon sabon abu ba za a ce masa ya saba da baƙon yanayi ba, don haka yanayin ne ya kamata ya zo masa a yadda ya san shi. Wanda ya yi shekara 80 yana addu'a kafin cin abinci zai ji wani abu ya ɓace idan aka fara ci ba a yi ba, ko da ba zai iya faɗin abin da ya ɓace ɗin ba, wannan damuwa marar suna kuwa ita ce ke fitowa a matsayin faɗa ko ƙin abinci. Duk da haka ina da ja a wurare biyu. Na farko, mutum ba rukuni ba ne: akwai kafinta mai son kiɗan gargajiya na manyan zauruka, akwai kuma ɗiyar masu kuɗi da ta yi rayuwarta tana gudun ƙa'idojin gidansu, kuma amsar da 'ya'ya za su bayar game da mahaifiyarsu ba lallai ta zama amsar da ita za ta bayar ba. Na biyu, tsarin yana ɗauke da bambancin aji har zuwa gadon mutuwa, ko da yake dole a faɗi gaskiya cewa kuɗin da ake kashewa a kan kowa ɗaya ne, tebur ne kawai ya bambanta. Ragewar da aka yi daga 7 zuwa 4 ta nuna cewa rukunan suna tsufa tare da mutanensu. Holan ta ɗebo ma'aikata daga Turkiyya bayan yarjejeniyar 1964, daga Maroko kuma bayan ta 1969, ga kuma mutanen Suriname, ƙasar da ta taɓa mulka a Kudancin Amurka, kuma waɗannan su ne tsofaffin yau. Sananne ne cewa mai harshe biyu, idan cutar ta yi nisa, yakan rasa harshen da ya koya da girma ya koma na ƙuruciya. Labule da kayan ado ba za su yi wa irin wannan tsoho komai ba matuƙar babu ma'aikacin da ke jin abin da yake faɗa.

Zargin da aka fi yi wa Hogeweyk shi ne yaudara: wai an gina duniyar wasan kwaikwayo, an sa ma'aikatan jinya sun ɓad da kama, an bar marasa lafiya suna zaton suna cikin gari. Waɗanda suka kafa wurin sun sha musanta wannan, kuma a nan ina tare da su, bisa wani ma'auni mai sauƙi, wato ko abin da aka nuna wa mutum yana yin aikin da ya nuna zai yi. A wasu gidajen tsofaffi na Jamus, ciki har da wani a birnin Düsseldorf, an kafa tashar bas ta bogi a ƙofar gida, domin mai neman guduwa ya zauna jiran motar da ba za ta taɓa zuwa ba har ya manta abin da ya fito da shi. Dabarar tana aiki, an kuma yi ta da kyakkyawar niyya, amma ginshiƙinta shi ne rashin sanin wanda aka yi wa. Kantin Hogeweyk kuwa yana sayar da madarar da za a sha gobe da safe, mai gyaran gashi yana gyara gashi, gidan abincin ma a buɗe yake ga mutanen gari. Sanya kayan gida ba ƙarya ba ce, tunda babu ma'aikacin da ke cewa shi ba ma'aikaci ba ne.

Sai dai ba nan gizo ke saƙar ba. Gidajen da kansu ne suka zama katangar unguwar, kuma mashiga ɗaya ce tak, da mai tsaro a wurin. Maƙwabci yana shiga ya ci abinci ya fita, mazauni kuwa ba ya fita shi kaɗai. An faɗaɗa wurin da aka tsare mutum, an ƙawata shi ƙwarai, amma tsarewar tana nan. Ita kanta Holan ta sake duba wannan batu: dokar kulawa da tilastawa da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2020 ta ɗora ƙa'idar cewa ba a yi wa mai cutar mantuwa abin da bai yarda da shi ba, har da kulle shi, sai idan akwai babban haɗari kuma babu wata mafita. A ƙarƙashin wannan ma'auni, abin da ya zama abin mamaki a 2009 ya koma matakin tsaka-tsaki, kuma wasu gidajen jinya na ƙasar sun fara gwada barin ƙofa a buɗe tare da na'urar nuna inda mutum yake.

Game da sakamako, ya kamata mai karatu ya yi hattara da zuzutawa. Masu gudanarwa suna cewa amfani da magungunan kwantar da hankali ya ragu sosai idan aka kwatanta da zamanin tsohon bene, kuma mazauna sun fi cin abinci da motsa jiki. Magana ce da hankali ke karɓa, amma daga bakin masu wurin ta fito. Binciken da aka yi a Jami'ar Maastricht kan ƙananan gidajen masu cutar mantuwa a Holan, ba Hogeweyk kaɗai ba, bai sami wani babban bambanci a ma'aunin ingancin rayuwa gaba ɗaya tsakaninsu da ɗakunan jinya na gargajiya ba, ko da yake iyalai sun fi gamsuwa, kuma an fi samun ƙarancin ɗaure majinyata da ba su magungunan kwantar da hankali. Wurin ba ya warkar da kowa, cutar tana ci gaba da tafiyarta. Abin da yake gyarawa shi ne yadda ranakun da suka rage za su kasance.

Ginin ya ci Yuro miliyan 19.3, kuma miliyan 17.8 daga ciki gwamnati ce ta bayar, sauran aka tara daga masu tallafi. Kuɗin kula da mutum ɗaya, kamar yadda aka ruwaito a shekarun farko, ya kai kimanin Yuro 5,000 a wata, wanda bai zarce na sauran gidajen jinya na ƙasar ba. Ba iyali ke ɗaukar wannan nauyi kai tsaye ba. Inshorar kulawa ta dogon lokaci ce ke biya, tsarin da Holan ke da shi tun 1968 aka kuma sabunta dokarsa a 2015, mazauni kuma ya ba da gudummawa gwargwadon abin da yake samu da abin da ya mallaka. Wannan, a wurina, shi ne babban abin yabo: an yi aikin da kasafin da kowa ke samu, kuma tsohon direba yana da damar shiga daidai da tsohon alƙali. Matsalar ita ce gurbi, domin ba ya samuwa sai wani ya rasu, jerin masu jira kuma ba ya ƙarewa.

An kwaikwayi tsarin a wurare da dama, sakamakon kuma ya bi yanayin kowace ƙasa. A Dax da ke kudu maso yammacin Faransa an buɗe irinsa a 2020 mai ɗaukar mutum 120, da kuɗin hukuma, an zana shi da siffar tsofaffin garuruwan yankin, aka kuma haɗa shi da masu bincike tun ranar farko, abin da ya kamata a ce an yi a Weesp. Akwai a Hameln ta Jamus, da Bærum ta Norwe, da tsibirin Tasmaniya na Ostareliya. Wanda aka buɗe a Langley ta Kanada a 2019 kuwa daga aljihu ake biya, dubban daloli a wata, don haka ya zama na masu hali. Inda aka ɗauki siffar titi da kanti aka bar tsayayyun ma'aikata da girkin cikin gida, an ɗauki kwano ne an bar abincin.

Japan, wadda kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65, ta bi wata hanya da ta cancanci a ajiye ta kusa da wannan. Inshorar kulawa da ta fara a 2000, wadda kowa ke biya daga shekara 40, tana ɗaukar nauyin ƙananan gidaje na mutum 5 zuwa 9 a cikin unguwannin da kowa ke zaune. Tun 2005 kuma ake ba jama'a gajeren horo kan yadda za su taimaki mai cutar, har waɗanda suka samu sun haura miliyan 10, daga ma'aikatan banki zuwa 'yan makaranta. A birnin Omuta ana yin atisaye duk shekara, wani ya fito a matsayin tsohon da ya ɓata, mutanen gari su gwada gano shi da yi masa magana. Maimakon a gina wa mai cutar gari, ana ƙoƙarin gyara garin da yake ciki. Ita ma wannan hanya tana da nata ciwon, domin a shekarun baya-bayan nan ana kai wa 'yan sandan Japan rahoton ɓatan masu cutar sama da 17,000 a shekara, kuma ko da yake ana gano mafi yawansu, ɗaruruwa gawarsu ake tsinta. Wanda ya ga wannan adadi zai sassauta hukuncinsa kan mashiga ɗaya ta Hogeweyk. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici, inda ba za a gina unguwar Yuro miliyan 19 ba. Abin da zai iya ƙetarawa zuwa can shi ne ɓangaren da aka fara a tsohon bene a 1993, wanda bai buƙaci sabon tubali ko ɗaya ba.

Shaharar wurin ta haifar masa da wani aibi da ba a cika ambata ba. Masu zuwa ziyarar aiki sai sun nemi izini tun da wuri, kuma biya suke yi, akwai ma wani reshe na ba da shawara da ke koyar da tsarin ga ƙasashen waje. Babu laifi a yaɗa ilimi, kuma karɓar kuɗi yana rage yawan masu zuwa kallo kawai. Amma mazauna mutane ne da yawancinsu ba sa iya ba da izini ko hana shi, titin da ayarin baƙi ke bi kuma ƙofar gidansu ce. Ga jami'in da ya biya kuɗin jirgi don ya koyi wani abu, awa ɗaya tare da mai tsara jadawalin ma'aikata, yana tambayar mutum nawa ke kwana a bakin aiki da dare da kuma yadda ake cike gurbin wanda ya yi rashin lafiya, za ta fi masa amfani fiye da zagayen dandali, za ta kuma rage wa mazauna idanun da ke kansu.